Sunan da Na Tona a Kasuwar Goronyo

"Ruƙayyatu! Wane na Ɗan Rima?"

Muryar Baba ce ta tsaga tsakar gida da hantsi, ina tsugune ina watsa wa tattabaru dawa. Kaɗan ya rage kwanon ya suɓuce mani.

Mahaifina, Malam Siddiƙu, shi ne limamin unguwarmu a Wurno, kuma tunda na taso ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Yana tsaye riƙe da wayar wani.

"Tambayarki nika yi!"

"Ni ta, Baba..."

"Ke ta! Ɗiyata ta cikina, cikin maza ɗari-ɗari, da sunan namiji! Yau a ƙohwar masallaci anka nuna mani hotonki. Kin ga abin da suka rubutawa a kanki?"

"Baba, wallahi zancen tattabaru kaɗai muka yi..."

"Kahin azahar ba ni son ganin ko gashin guda a gidan ga!"

Tattabarun nan na wana ne, Yaya Jelani, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce. Ranar da aka kai shi, ni kaɗai na tuna ba su ci komi ba. Tun daga nan suka zama nawa. Da ciwo ya faɗa musu na rasa wanda zan tambaya, sai na shiga wani zaure na intanet inda masu kiwon tattabaru ke haɗuwa. Kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa. Na ga babu mace ko ɗaya, na rubuta Ɗan Rima, don gulbin Rima da Yaya ke so. Cikin shekara biyu na zama wanda ake tambaya.

Sai wani mai suna Idon Mikiya ya ja da ni a kan maganin mura. Na kawo hujja, aka yi masa dariya har kwana biyu. A rana ta uku ya ɗauko wani tsohon hoton da na sa, ya ƙara girman gefensa, inda ɗan yatsana ya fito da jan lalle. Ya rubuta: "Malaminku mace ta! Ku nemo muna ita."

Suka nemo ni kuwa. Wani ya gane hasumiyar masallacinmu a bayan hoton. Wani ya kawo sunana. Wani ya ɗauko hotona a makarantar firamaren da nake koyarwa.

Kafin azahar maƙwabcinmu ya zo da kwanduna. Ina tsaye aka kwashe tattabarun ɗaya bayan ɗaya, har da farar nan mai baƙin wuya da Yaya ke ba gero a bakinsa. Ban yi kuka ba. Na dai dubi tukwanen kwanansu da suka zama wayam, na ce a zuciyata: Idon Mikiya, ko kai aljani ne sai na ga fuskarka!

Da la'asar Tambari ya zo.

Tambari manomin rani ne a Goronyo, albasa da tafarnuwa yake yi da ruwan madatsa. Wata huɗu ya rage aurenmu. Shi ma yana da tattabaru, amma ban taɓa gaya masa ina zauren ba, don ya taɓa ce mani kiwonsu ba na mata ba ne. Da na tambaye shi ko yana shiga irin waɗannan wurare, dariya ya yi ya ce gona ba ta bar masa lokacin waya ba.

Ranar ya shigo zauren gidanmu fuskarsa kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Ruƙayya... na ji abin da ya hwaru."

"Ka ji? To ka ji wanga kuma: sai na nemo shi."

"Wa?"

"Wanda ya hwara. Sai na tona shi awa yadda ya tona ni."

"Haba, sanyin idona... ki bar ma Allah."

"Na bar ma Allah mutuwar Yaya. Wagga ba ni barin ta!"

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hularsa. Na ɗauka tausayina ne ya hana shi magana.

Makonni suka wuce, abin bai lafa ba. Samari kan tsaya da babura a bakin layinmu suna kiran "Ɗan Rima!" Iyaye biyu suka cire 'ya'yansu daga ajina. Baba ya daina amsa gaisuwata da baki, sai da ka. Kullum aka ƙara mani ɗaya, sai na ƙara wa Idon Mikiya a zuciya.

Na sayi sabon layin waya. Wannan karon na daɗe ina tunanin suna, don na gane sunan farko shi ya fara nuna inda nake. Ba gari, ba gulbi, ba shekarar haihuwa. Na rubuta: Shiru.

Na canza har harshena. Inda zan ce "mi" sai in rubuta "me", kamar Bakano. Ban sa hoto ko ɗaya ba. Aikina kawai yabon Idon Mikiya. In ya yi magana in ce, "Gaskiyarka, Malam." Da ma tun ranar tonon ya rage surutu, kuma mutane sun fara gudunsa. Ni kaɗai nake bin sa.

A hankali na karance duk abin da ya taɓa rubutawa. A ɓangaren hira na tarar da abin da nake nema. Ya yi dogayen rubuce-rubuce a kan wani Alhaji Mainasara, shugaban manoman yankinsu, yana cewa yakan buɗe wa gonakin surukansa ruwa da fari, na talakawa su bushe. Ya kira shi azzalumi. Ya kira shi da abin da ya fi haka. Manoma da yawa na zauren, kuma an ce Alhajin ya rantse sai ya san mai rubutun.

Sunan ya tsaya mani a rai, don Alhaji Mainasara kawun Tambari ne, shi ya rene shi tun yana maraya, shi ya ba shi gonar da yake nomawa. Har na yi murna. Na ce in na kama mutumin nan, na rama wa kaina, na rama wa dangin mijina.

Sai na ɗana tarkona. Na tura masa saƙo shi kaɗai, da hoton farar nan mai baƙin wuya, wanda ban taɓa sawa a zaure ba.

"Malam, ina da wannan, ina son musaya. Zan zo Goronyo ranar kasuwa."

Bai yi minti biyar ba ya amsa: "A ina ka same ta? Don Allah kar ka ba kowa! Akwai wadda nake so in mayar wa."

Ban tsaya tunanin maganar ba. Na ce ya jira ni ƙarƙashin itacen dogon yaron da ke bakin 'yan kaji, ya ɗaura jan ƙyalle a kwandonsa don in gane shi.

Ranar kasuwa na ce wa Inna za ni sayen kayan ɗaki. Na sa niƙabi, na shiga mota. Muna tafe gonakin albasa kore shar a dama da hagu, amma ba su nake gani ba. Rubutun tonon asirin da na shirya nake maimaitawa. Komi na nan a wayata, gurbin suna kawai na bari.

Na zauna kusa da wata mai fura, idona a kan dogon yaro. Rana ta take. Sai ga babur ya tsaya. Jan ƙyallen na fara gani, sannan kwandon, sannan hannun da ke riƙe da shi, da agogon da ni na saya masa.

Tambari!

Ƙasa ta juya da ni. Mai fura ta ce, "Ɗiyata, lahiya?" Na miƙe, na je gabansa na ɗage niƙabin.

"Sannu, Idon Mikiya."

Kwandon ya faɗi. Tattabarun ciki suka hau fuffuka.

"Ruƙayya..."

"Ni ta Shiru. Ba ka gane ni ba?"

"Ki saurare ni, don girman Allah! Ban san ke ta ba! Wallahi da na sani..."

"Da wata ta hwa? Ɗiyar wani ba mutum ba ta?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"Wata biyu, Tambari! Wata biyu kana zama zauren gidanmu kana ce mani sanyin idona! Kana kallo ina ramewa! Ka ga Baba ya bar yi mani magana, ba ka buɗe baki ba!"

"Tsoro ni ji. Na san in na hwaɗi na rasa ki. Kasuwa uku na bi ina neman tattabarun Jelani, in maido miki ko guda..."

"Tattabara za ka maido? Sunana hwa? A wace kasuwa za ka same shi?"

Mutane sun fara waigowa. Na fito da wayata, na buɗe rubutun, na juya masa ya gani. Ina kallo ya karanta har ƙasa, inda na jera duk abin da ya faɗa a kan kawunsa. Fuskarsa ta canza.

"A'a... Ruƙayya, ban da wanga. Ki mare ni, ki hwasa auren, ki kai ni gaban Malam. Amma Kawu... shi ya rene ni. In ya ji ni na, ya mutu da baƙin cikina."

"Ƙarya ka yi mashi?"

"Gaskiya ta. Shi ya sa ban iya hwaɗinta da sunana."

"Nima don haka na ɓoye nawa."

Ya durƙusa a cikin ƙurar kasuwa, babban mutum, hawaye na bin gemunsa.

"Masoyiyata, ki tausaya mani..."

Wallahi zuciyata ta motsa. Ina son sa, a lokacin ma ina son sa. Amma sai na tuna tukwanen nan wayam, na tuna Baba yana kau da kai. Na rubuta sunansa a gurbin, harafi bayan harafi, har da sunan mahaifinsa da unguwarsu. Na dube shi cikin ido.

Na tura.

Daɗin da na ji bai kai ni tasha ba. Kafin motarmu ta kai Wurno, zauren ya kama da wuta. Waɗanda suka yi ta yaga ni, su ne suka koma kansa, da kalmomi iri ɗaya.

Kwana uku bayan haka labari ya iso. Alhaji Mainasara ya tara dangi, ya karɓe gonar, albasa na gab da cirewa. Ya ce kada Tambari ya ƙara taka ƙofarsa, ko gawarsa aka fitar kada ya zo. Washegari gwaggonsa ta aiko a gaya wa Inna maganar aure ta tsaya.

Baba ya kira ni ɗakinsa. Karo na farko ke nan cikin wata biyu da ya dube ni sosai.

"Ke ta Shiru?"

"Ni ta, Baba."

"Kin huce?"

Na sadda kaina ƙasa.

"Yaron ga ya cuce ki, bai san ke ta ba. Ke kin san shi na, kinka yi." Ya numfasa. "Nima ina da laihi. Hushina ya sa anka kwashe abin da ɗan'uwanki ya bari. Tashi ki tahi."

A ƙofar ɗakin kukan da na riƙe tun ranar kwanduna ya ƙwace mani.

Ranar Juma'a da safe aka yi sallama. Tambari ne, da jaka a kafaɗa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai shigo zaure ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Na zo sallama. Na samu aikin lambu can Kudu. Motar na jirana."

"Yaushe za ka dawo?"

"In dawo wurin wa?"

Na matso bakin ƙofar.

"Tambari... ka yahe mani?"

"Na yahe tun a kasuwa. Ni na hwara." Ya ɗago jajayen idanunsa. "Ke hwa, Ruƙayya? In kin ce kin yahe, wallahi in aje jakar ga. In yi dako, in yi leburanci, in zauna garin ga har Malam ya amince. Kalma guda nika jira."

Na buɗe baki. Ina so in faɗa, Allah ya sani ina so! Na duba zuciyata ko'ina, na tarar da sonsa na nan cif, amma kusa da shi fushin nan na nan, bai mutu ba.

"Ban iya ba tukuna..." na ce, hawaye na shiga bakina.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar da ma ya sani.

"To. Allah shi ba ki wanda ya fi ni."

Ya gyara jakarsa ya juya. Na tsaya ina kallon bayansa har ya kai ƙarshen layi. A nan ya ɗan tsaya, kamar mai jiran a kira shi.

Ban kira ba. Ya sha kwana.