Sunanta a Bakin Seidu

"Mma, kin wanke min gyalen ya koɗe. Da wane ido zan shiga cikin 'yan ƙungiyarmu a wurin majigi yau?"

"Da idon da kike kallon tukunyar da ba ki wanke ba," na ce wa 'yata Mansuratu.

Ni ban taɓa zuwa majigin nan ba, Allah ya sani. Amma duk Salaga babu wanda bai haddace shi ba. Wani tsohon fim ne na Indiya da aka ƙi kallo a Kumasi, ƙarshensa ma ya ƙone. Seidu ne ke yawo da shi a mota, Salaga, Yendi, Bawku. Shi yake tsayawa gefen farin ƙyalle yana yi wa mutanen ciki magana da Hausa. Inda fim ya tsinke, sai ya ƙarasa labarin da bakinsa.

Abin da ya haukata 'yan kallo ke nan. Sun san inda fim ɗin yake maƙalewa, suna tafi tun kafin ya maƙale. Suna riga Seidu faɗin magana. 'Yan mata suka koma yafa koren gyale a kafaɗar hagu irin na yarinyar fim ɗin.

Yarinyar kuwa, Seidu ya raɗa mata suna Mansura.

"Mma, in ya ce Mansura tawa, ba ƙyallen yake kallo ba..."

Da Seidu ya aiko neman aurenta, babanta, Malam Mahama, cewa ya yi ba zai ba mai aron bakin inuwa 'yarsa ba. Na yi ta bin sa da lallashi har ya karɓi goron tambaya.

Sai ga wata Zuleha daga Yendi ta zo biki gidan maƙwabta, da koren gyalenta.

"Ke ce Mansurar? Sannu. Mu a Yendi sunanta Zuleha. A Bawku ma da nata sunan."

Ranar Mansuratu ko ruwa ba ta sha ba.

Da Seidu ya zo zaure wurinta ina bayan ƙofa ina tsince shinkafa.

"Sana'a ce, hasken idona. Kowane gari su suke zaɓar sunan da suke so. Amma tambayi kowa, a Yendi ita da saurayinta rabuwa suke yi, a Bawku ruwa ke cinye ta. A Salaga kaɗai nake ɗaura musu aure."

"Ban yarda ba. In da gaske kake, ka kira sunana a Yendi, a gaban Zuleha."

"Mansura, mutanen nan fim ɗin nasu ne, ba nawa ba..."

"To ni ma ba taka ba ce."

Ya je ya kira.

Direbobin doya ne suka kawo mana labari. Yana cewa Mansura, Zuleha ta miƙe ta ce an sace musu yarinyarsu an kai wa 'yan Salaga. Aka yi ta jifa. Aka yaga ƙyalle, aka zazzage fim ɗin aka tattake a ƙasa. Ubangidansa mai motar majigin ya kore shi. Malam ya mayar da goro, ya ce wanda gari guda ya jefa ba zai zama surukinsa ba.

Seidu ya zo sallama da ɗinki a goshi, zai tafi Bawku yaron mota.

"Na kira, Mansura."

"Na ji... ni na jawo maka. Ka yafe min."

"Ko yau aka ce in sake, zan sake."

Ya fita. Ta shigo ta durƙusa gabana ina kan sallaya, ta riƙe min ƙafa.

"Mma, motar Bawku da hantsi take tashi, Baaba yana zaure shi kaɗai. Ke ce yake jin maganarki. Don Allah ki tashi ki sake roƙar min shi... Mma, za ki tashi?"