Kwalayen Jikin Bango

Mai shagon sari ne ya fara gani. Ya yanka kwalin farko don ya jera gwangwanayen madara a kan kanta, sai yashi ya zubo masa a ƙafa. Ya yanka na biyu, yashi. Ƙulle yake a ledoji, an auna shi daidai nauyin madara, an liƙe bakin kwalin da salatif kamar yanzu ya fito daga masana'anta. Ya kira kamfanin da ke rarraba kayan, kafin la'asar an sa wa ɗana ankwa.

Auta ne direban motar da ta kai kayan. Shi kaɗai ya rage mini a gida. Ubansa ya rasu, yayyensa aure ya kai su nesa. A bakin get ɗin kamfanin aka kama shi, gaban leburori da masu gadi, sannan aka liƙa hotonsa a jikin get ɗin don duk mai wucewa ya san ɓarawo. Babu wanda ya tambaye shi komai. Wai shi ne ƙarshen wanda ya taɓa kayan, shi ke nan.

Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Matar da kullum take aron turmina ta koma aro a wani gida. Ɗakin Auta na nan a buɗe, takalminsa na bakin ƙofa, ni kuma in dafa abinci in rasa wanda zan zuba wa. Mutum ɗaya ne yake zuwa, Mai sito, wanda ke riƙe da makullan ɗakin ajiyar kamfanin. Dattijo ne mai taushin murya. Yakan zo da sabulu da sukari a leda, ya zauna a tabarma ya yi ta girgiza kai.

"Mama, ki lallashe shi ya amsa kawai. In ya amsa, ni zan roƙi Manaja a kashe maganar. Yaro ne, kuskure ne."

"Kuskuren uban wa?" na ce. "Bai ɗauka ba."

"To, Allah Ya kyauta."

Na yi masa godiya, don a lokacin ko kare ne ya shigo gidan da na ji daɗi.

Kullum da safe nakan tafi ofishin 'yan sanda in zauna a bencin da ke bakin ƙofar Sufeto. Mace ce doguwa, ba ta dariya, a kan teburinta take cin abinci ita kaɗai. Ta kore ni sau biyu, da ta ga ba na koruwa sai ta bar ƙofar a buɗe. Duk abin da zan faɗa a nan da kunnena na ji shi.

Da Auta ta fara.

"Wa ya yi lodi?"

"Leburori, ranki ya daɗe. Ni ina wajen duba mai da ruwa."

"Wa ya kulle bayan motar?"

"Ni. Makullin yana hannuna."

"Ka tsaya a hanya?"

Ya sunkuyar da kai. "Taya ce ta yi faci."

Ta aika aka ɗauko mai facin. Ya ce ƙwarai motar ta tsaya, amma shi ya tafi karɓo gam, bai san abin da aka yi bayansa ba. Na ji kamar in shaƙe shi. Maganarsa ba ta wanke Auta ba, ba ta kuma kama shi ba.

Kwali ɗaya daga cikin na yashin yana kan teburin Sufeto, an kawo shi shaida. Da aka fita da Auta na shiga in yi mata masifa, sai idona ya faɗa kan wani dunƙulen laka a kusurwar kwalin. Gidan zanzaro ne. Hannuna ya saba, in na gan shi a bango sai na fasa. Na kai hannu ke nan ta cafke mini wuyan hannu.

"Kada ki taɓa, Mama."

"Ƙazanta ce. Kamfanin da ba ya iya share kayansa shi ne zai kira ɗana ɓarawo."

Ta jawo kwalin gaban taga, ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Lakar ta bushe ƙamas, har da 'yar hudar da ƙwaron ya fita. Kuma a kan salatif ɗin take zaune, ba a ƙarƙashinsa ba.

"Kayan nan wuni nawa suka yi a hannun ɗanki?"

"Da safe aka loda, da hantsi ya sauke."

Ta ɗauki hularta. "Tashi mu je. Amma in kika buɗe baki a can, zan mayar da ke gida."

Ɗakin ajiyar kamfanin ya fi layinmu tsawo. Abin da ya ba ni mamaki, rabinsa wayam yake, sai shatar inda kwalaye suka taɓa zama a kan siminti. Can jikin bango ne kawai aka bar ragowar wani layi guda.

Sufeto ta fara da Maigadi.

"Ana fita da kaya ba ka duba ba?"

"Ko allura, ranki ya daɗe. Sai dai motar shara. Ita kam wa zai sa hannu?"

"Me take ɗauka?"

"Kwalayen da suka fashe, da kayan da suka lalace. Mai sito ke ware su."

"Yashi fa, yana shigowa?"

Ya yi dariya. "Ai ga shi can tari a bayan sito, tun lokacin da aka gyara katanga. Mai sito ya ce a bar shi don cika bokitan kashe gobara. Gobarar dai har yau muna jiranta."

Sai shugaban leburori, wani ƙato da suke kira Dogo. Yana magana yana share gumi da rigarsa.

"Daga ina kuka ɗebi kayan da aka kai wa mai sari?"

"Daga jikin bango."

"Can kuka saba ɗiba?"

"Ina! Tun da na fara aiki a nan ban taɓa ɗaga kwali ɗaya daga layin nan ba sai ranar. Kayan ko-ta-kwana ne. Ko jingina ka yi da shi, Mai sito zai ce tashi, ba gadon uwarka ba ne."

"To ranar me ya faru?"

"Ba ya nan. An tura shi wani reshen kamfanin. Kayan gaba suka ƙare, Manaja ya ce a ɗebi na bango, muka ɗiba. Mu namu ɗauka da ajiyewa."

Manaja yana ofishinsa na sama, mai gilashi, inda yake hango kowa. Sabo ne, bai daɗe da zuwa ba. Ko kallona bai yi ba.

"Me ya sa siton ya zama fili?" in ji Sufeto.

"Ni na yanke shawarar. Da na zo na tarar ana sayo kaya ana jibgewa, wani ya kwana, wani ya shekara. Kayan da ke zaune hayar ɗaki yake ci, yana tsufa. Na ce a daina. A riƙa kawo kaɗan-kaɗan daidai abin da masu saye ke nema, wanda ya riga shigowa shi zai riga fita."

"Kayan ko-ta-kwana fa?"

"Na ce shi ma a fitar da shi. Ajiya don gudun yankewar kaya ba laifi ba ce, amma sai ana juya ta. Wannan ko motsa ta ba a yi."

"Kowa ya yarda da shawararka?"

"Ban da Mai sito. Kullum sai ya hau nan ya ce za mu ji kunya ranar da mota ta makara. Har roƙona ya yi in ƙaro oda. Na ɗauka tsohon hannu ne, ba ya son canji."

"Wa ya fara cewa a binciki direba?"

"Shi ne ya tuna mini cewa direbobi na tsayawa a hanya."

Na buɗe baki, Sufeto ta harare ni, na rufe.

Mai sito ta bari ƙarshe, kuma ba ta matsa masa ba. Ya kawo mata kujera, ya gaishe ni har da tambayar ƙafata. Ya ce layin bango tun zamanin tsohon Manaja yake, shi amana kawai yake riƙewa. Ta ce ta gode. Da za mu fita ta sake hawa sama, na ji tana ce wa Manaja ya sanar da kowa cewa gobe da safe za a loda ragowar layin bangon gaba ɗaya a kai wa wani mai saye.

Washegari muka zauna a ɗakin Maigadi, ni da ita, tun kafin leburori su iso. Rana ta ɗaga, sama ko gajimare babu. Sai ga motar shara ta taho daga bayan sito, an lulluɓe bayanta da tamfol, Mai sito na zaune a gaba kusa da direba.

Sufeto ta fita ta tsaya a tsakiyar get.

"Ina zuwa da sassafe haka, Baba?"

"Juji, ranki ya daɗe. Kwano ne ya yi yoyo, kayan jikin bango duk sun jiƙe. Ba za mu kai wa mutane ruɓaɓɓen kaya ba."

"Yaushe aka yi ruwan?"

Ya ɗaga kai ya kalli sama, ya sauke.

Ta yaye tamfol ɗin. Kwalayen sun jiƙe ta sama, ƙasansu a bushe, irin jiƙewar da bokiti ke yi. Ta karɓi wuƙa a hannun Dogo ta yanka ɗaya. Yashi. Ta yanka wani daga can ƙasa. Yashi.

Leburori sun taru. Mai sito ya sauko daga motar a hankali ya zauna a kan dakalin get, ƙarƙashin hoton ɗana.

"Zan mayar," ya ce. "Wallahi niyyata in mayar."

Sufeto ta yi bayani a gaban kowa, murya ba hawa ba sauka. Ta ce zanzaro ba ya gina gida ya ƙyanƙyashe ya tashi tsakanin safe da hantsi, kuma gidan a kan salatif yake. Ke nan an cika kwalin da yashi an liƙe shi tun da daɗewa, a wurin da babu mai motsa shi, ba a bakin hanya ba. Wuri ɗaya ne a siton da ba a motsawa. Maigadi ba ya shiga ciki. Dogo da mutanensa da sun san abin da ke layin, da ba su loda shi da hannunsu ba. Manaja da shi ne, da bai ba da umarnin a fitar ba. Saura mutum ɗaya, wanda ya hana a taɓa layin, ya ce a bar yashi a baya, kuma shi ke ware abin da motar shara za ta ɗauka. Ta nan madarar take fita. Muddin sito na cike, kullum daga gaba ake ɗiba, babu ranar da za a kai bango. Da Manaja ya rage kaya, sai gaba ya cinye, bango ya fito fili.

Na matsa kusa da shi. Ban zage shi ba, duk da zagin yana bakina. Na ce, "Sabulunka yana nan ban taɓa ba. Ka aiko a ɗauka."

A ranar aka saki Auta. Ya rame, idonsa ya faɗa. Muka taho gida a ƙafa. Ya shiga ɗakinsa ya kwanta fuska ga bango.

Bayan kwana biyu Manaja ya aiko a kira mu. Ya shigar da mu ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce an cire hoton, Auta ya dawo bakin aiki, abin da ya wuce ya wuce.

"A ina ya wuce?" na ce.

"Mama, kuskure ne aka yi, mun gyara."

"Kai da ka iya duba kwali ka san ya daɗe a zaune, ba ka iya duba mutum ba? A nan ɗakin aka sa masa ankwa?"

"A'a."

"To sauko."

Auta ya ja gefen mayafina. "Mama, ki bari."

Ban bari ba. Na riga su sauka, na tsaya a bakin get na ce Dogo ya tara mutanensa. Suka ajiye kaya suka zo, har direbobin da ke jiran lodi suka leƙo ta tagogin motocinsu. Manaja ya sauko yana gyara wuyan riga. Ya tsaya kusa da Auta, ya kalli takalminsa, ya ce wani abu can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba," na ce. "Kunnena ya tsufa."

"Na ce wannan direba bai ɗauki komai ba. Kamfani ya zalunce shi."

Na nuna masa motocin da ke can ƙarshen layi.

"Su ma ba su ji ba. Ƙara murya."