Ƙarar Sifika a Zauren Malam Bobbo

Ranar kasuwar Makarfi ce, Ismail ya duƙufa a shagonsa na gyaran kwamfuta, sai ya ji sallama. Ya ɗago kai ya ga budurwa cikin hijabi ruwan toka, ta rungumo laftof kamar mai kai jariri asibiti.

"Malam, ƙara take min. Da na kunna karatu sai ta kama zzz, ba na jin komai."

Sunanta Mukarrama, 'yar ƙauyen Taba ce, tana karatun ungozoma a garin. Ismail ya kunna, ya zare caja, ƙarar ta ɗauke. Ya mayar, ta dawo.

"Sifikarki lafiya lau. Cajar ce ta bogi."

Bai rufe baki ba sifikar ta sake wani kukan, did-did-did, sannan wayarta ta hau ruri a kan tebur. Ta zaro ido.

"Wannan kuma fa?"

"Wannan gulma ce," ya ce yana murmushi. "Duk wayar da ke kusa da ita, in kira zai shigo ko ana kan magana, sai ta tona mata asiri."

Aikin bai taka kara ya karya ba, amma Ismail ya ja shi iya ja, har ya karɓi lambarta wai don ya ji ko ƙarar ta dawo. Washegari ya tura saƙo:

"Salam. Ya mai jiki? In ta ƙara yin ƙara ki gaya min, in ba ta yi ba ma ki gaya min."

Ta amsa:

"Mai jiki ta warke, Injiniya. Kai ne dai na ga kamar kana buƙatar gyara."

Daga nan soyayya ta kankama. Ita ta zama Nas ɗina, shi kuma Injiniya.

Sai dai mahaifinta, Malam Bobbo, manomi mai garken shanu, ya murtuke fuska. "Yaron da yake wuni gaban kwamfuta, wa ya san da wa yake magana? Ban yarda da irinsu ba." Shi hankalinsa ya fi kwanciya da Auwal dillalin rake, ɗan amininsa, ko da yake ya ce ba zai yi mata dole ba.

Kwatsam kuma sai ya sauko. Ya ce Ismail ya riƙa zuwa zance, amma a zaure, bayan la'asar, lokacin da shi yake garke. Wani da murna zai yi. Ismail kuwa mutum ne da in abu ya zo masa da sauƙi sai ya hau juya shi yana neman inda ya tsage.

Mukarrama takan fito da laftof ɗin ya taya ta bitar karatu. Ranar farko, suna zama, sifika ta kama did-did-did ba ƙaƙƙautawa. Ya zare caja, tana nan. Ya kashe wayarsa, ya sa ta kashe tata, tana nan. Ya tafi da laftof ɗin shago, ya wuni yana kunna ta, ko tari ba ta yi ba. Ya dawo da ita zauren, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ya san abin da hakan ke nufi. Akwai waya ta uku a zauren nan, kuma a kan kira take.

Bai tambaye ta ba. Ya haɗiye abin, ya koma kallon hijabinta yana tunanin me ke ƙarƙashi. Ana cikin haka wani mai shago kusa da nasa ya ce masa ya ga Auwal ya sayi ƙaramar waya mai tocila, ya nufi Taba da ita. Shi ke nan, kishi ya gama hukunci. Wato yana zuba kalamai, ita da Auwal suna mayar da shi abin dariya.

Saƙonta ya shigo:

"Injiniya, kwana biyu ka yi shiru. Na yi laifi ne? Wallahi na kasa karatu."

Ya mayar mata a taƙaice:

"Ba komai. Sai na zo."

Da ya zo ko zama bai yi ba. Ya kunna laftof, ƙarar ta tashi.

"Mukarrama, fito da wayar da Auwal ya ba ki."

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Idonta ya cika da ƙwalla, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ni kake zargi? To ai kai ne mai gyara. Nemo ta."

Ya ɗauki laftof ɗin ya matso kusa da ita, sai ƙarar ta ragu. Ashe ba a jikinta wayar take ba. Ya bi bango da laftof ɗin, ƙara na ƙaruwa, har ya isa kusurwar da wata ƙwarya take rataye a ragaya, an rufe ta da faifai. Ya ɗaga faifan. Ga wayar nan kwance, kira na tafiya.

Mukarrama ta leƙa lambar, ta ga ta mahaifinta ce, ta dafe ƙirji. "Lambar Baffa ce."

Ismail bai san lokacin da ya durƙusa gaban ƙwarya ba. "Baffa, barka da yamma."

Kukan saniya ya fara amsawa, sannan muryar Malam Bobbo.

"Ka gama binciken? Ni na aiki Auwal ya sayo ta, bai ma san don me ba. Tun da ka fara zuwa nake saurarenku. Ban ji komai ba sai allura da awon ciki, har na kusa haddacewa. Yau kuma na ji ka zargi 'yata."

"Baffa, na yi kuskure."

"Ni na fara zargin, ba zan ɗora maka kai kaɗai ba. Amma ba ni ka ɓata wa ba. In ta yafe, ka turo magabatanka. In ba ta yafe ba, babur ɗinka na waje." Ya katse kiran, sifika ta yi tsit.

Ismail ya juyo, yana durƙushen. "Nas ɗina, ki yafe min. Kunya ta ishe ni."

Ta bar shi a haka har gwiwarsa ta fara tsami, kuma ya cancanta.

"Da ka tambaye ni tun ranar farko, da tare muka neme ta," ta ce tana share hawaye. "Na yafe. Amma daga yau in ka ji ƙara, ni za ka fara tambaya."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Taba. Cikin kayan amarya sai ga ƙwaryar nan da faifanta, saƙo daga Baffa. Ismail ya kai hannu ga laftof don ya ji ko da waya a ciki, Mukarrama ta harare shi, ya janye hannu.

"Nas ɗina, me ke ciki?"

"Yauwa, yanzu ka koyi gyara," ta ce tana dariya, ta ɗaga faifan. Man shanu ne fal.

Allah ya sanya albarka a gidan, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.