Wanda Ake Fara Warkarwa

Ranar Asabar ce da rana, ana ruwa a birnin Daegu na ƙasar Koriya, Yeom Sori ta miƙe tsaye a tsakiyar gidan wasan kwamfuta na bayan tasha ta ce da ƙarfi, "Akwai mai magani a ɗakin nan?"

Mutum kusan hamsin ne a ɗakin, amma ɗaya kawai ya ɗago, wani dogon saurayi da kwanon taliya a gabansa.

"Wa ba shi da lafiya?" in ji shi.

"Tawagata. Sau huɗu dodon kogo yana gamawa da mu. Mece ce sana'arka a wasan?"

"Ɓarawo."

Sori ta yi masa kallon sama da ƙasa, ta ja tsaki, ta zauna.

A wasan da suke yi, mutum huɗu ne ke haɗa tawaga su shiga kogo, kowa da sana'arsa cikin sana'o'i biyar. Akwai mai garkuwa da ke tsayawa gaba ya sha duka, akwai mai sihiri, akwai maharbi, akwai ɓarawo mai laɓaɓowa ta baya, sai mai magani da ke tashin wanda ya faɗi. Sori mai garkuwa ce tun tana sakandare, kuma ta yi imani har zuciyarta cewa sana'ar da mutum ya zaɓa ita ce halinsa. Saurayinta na baya ɓarawo yake ɗauka, ya kuwa sulale ya bar ta ba ko sallama. Tun daga nan ba ta ga maciji da ɓarayi.

Ba a yi minti goma ba sai ga saurayin tsaye a bayan kujerarta.

"Na buɗe sabon jarumi, mai magani. Ban iya ba, amma ina da saurin koyo. Sunana Pyo Taegon."

"Me ya sa ka sauya?"

"Kin ce mai magani kike nema."

Ta so ta gano inda ƙaryar take a fuskarsa, ba ta gani ba. Ranar sau uku ya bar ta ta mutu, sau uku yana sunkuyar da kai yana ba da haƙuri, a na huɗu suka kayar da dodon. Da za su rabu ya ba ta lemarsa, shi ya shiga ruwan haka nan.

Abu kamar wasa, sai ga shi duk Asabar da Lahadi suna kujeru biyu na jere. Taegon gyaran lif yake yi, na'urar hawa bene, hannunsa kullum da baƙin mai, amma bai taɓa makara ba. Ta fara kiransa Oppa, yadda budurwa ke kiran saurayinta, ba ta san ranar da ta fara ba. Saƙonsa kuwa ba ya wuce ƙarfe bakwai na safe.

"Garkuwata, kin tashi? Ki ci abinci kafin ki fita. Ba na son ki sha dukan duniya da yunwa."

"Likitana, na ci. Kai ka koyi aikinka, jiya saura kaɗan ka kashe ni."

Da suka cika kwana ɗari ya sa mata zobe irin nasa. Da shekara ta zagayo, ta kai shi gaban mahaifinta.

Tsoho Yeom shagon romon ƙashi gare shi a bakin kasuwa, kuma tun rasuwar matarsa ba shi da kowa sai Sori da tukunyar nan. Taegon ya yi duk abin da ake yi. Ya durƙusa, ya zuba wa tsohon shayi da hannu biyu, bai taɓa cokali ba sai da tsohon ya ɗauki nasa. Komai yana tafiya daidai har Sori, don ta yabe shi, ta ba da labarin yadda ya bar sana'ar ɓarawo saboda ita a ranar farko.

Tsohon ya ajiye cokali.

"Cikin minti goma?"

"E, Appa," in ji Sori, haka take kiran babanta.

"Wato mace ta kalle shi sau ɗaya, ya watsar da abin da ya shekara yana yi. To ranar da wata ta kalle shi fa?" Ya juya wajen Taegon. "Ka ci romonka, yaro. Amma 'yata ba yanzu ba."

Sori ta yi fushi da mahaifinta har kwana uku. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, maganar ta shige ta, ta samu wuri ta zauna.

Ana cikin haka na huɗun 'yan wasansu ya tafi aikin soja, gurbi ya buɗe a tawaga. Sai wata baƙuwa ta nemi shiga, maharbiya mai dogon gashi da jar riga, sunanta a wasan Fure62. Ba ta magana da murya, rubutu kawai take yi, shi ma a hankali. Harbinta kuwa sai addu'a, ta fi samun bango da kibiya. Sori ta ce a sallame ta. Taegon, wanda bai taɓa musa mata ba, ya ce a ƙara mata lokaci.

Nan Sori ta fara lura.

Ta lura jarumin Taegon yana rusuna wa Fure62 duk shigowarta. Ta lura ya daina zama a kujerar kusa da ita, yau ya ce daga gida zai shiga, gobe ya ce aiki ya riƙe shi a wata unguwa. Mafi ciwo duka, ta lura da maganin. Kowane ɗan koyo ya san mai garkuwa ake fara warkarwa, don in ta faɗi kowa ya faɗi. Amma in duka ya same su su biyu, hasken maganin Taegon sai ya tsallake Sori ya sauka a kan jar riga.

Mai sihirin tawagar, Mujin, ya daɗe yana son Sori yana haɗiyewa. Yanzu ya samu ƙofa.

"Ni ba mai haɗa faɗa ba ne," ya rubuto mata, "amma na ƙirga. Sau goma sha ɗaya a makon nan ya fara da ita. Ɓarawo ko ya sa rigar likita, kin dai san sauran."

Ta ƙi ba shi amsa, amma sau biyar ta karanta saƙon. Daga baya ta rubuta wa Taegon.

"Oppa, wace ce Fure62?"

Sai da aka daɗe ya amsa. "Garkuwata, na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Ki yarda da ni."

"Wa ka yi wa alkawarin? Ita?"

"Ki ba ni mako biyu."

"Ka san ta a fili kenan."

"Na san ta."

Sori ta kife wayar. Ga kishi, ga kunyar cewa Appa ya yi gaskiya. Ta cire zoben ta sa a aljihu. Ta yanke cewa ba za ta mayar masa ba sai ta ga fuskar yarinyar da idonta, don ta san wadda aka fifita a kanta.

Ranar Lahadi ta ce wa tawaga ba ta da lafiya. Ta laɓe a shagon sayar da burodi da ke kallon gidansu Taegon, ya fito ƙarfe uku saura, ta bi shi nesa-nesa. Ya shiga bas, ta shiga tasi. Ya sauka a bakin kasuwa, ya sayi lemon zaƙi a leda, har yana zaɓen masu kyau. Ita bai taɓa zaɓar mata lemo ba. Ya hau benen wani tsohon gidan wasa da ke saman shagon katifa, ta ƙirga ashirin ta bi bayansa.

Can ƙuryar ɗakin ta hango shi ya ja kujera kusa da wata, ya sunkuya yana ɓare lemo. A allon ga jar riga nan tana gudu tana karo da bango. Sori ta damƙe zoben a hannu, ta taka har wurin, ta juyo da kujerar da ƙarfi.

Tsoho Yeom ne, da tabarau a ƙarshen hanci da yatsa biyu a sama, ƙamshin romo yana tashi daga rigarsa.

"Appa?"

Tsohon ya sauke yatsunsa. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ba gidan wanka kake cewa kana zuwa ba in an rufe shago da rana?"

"Ina zuwa," in ji shi. "Wani lokaci."

Taegon ya miƙe tsaye da ɓawon lemo a hannu, ya rasa wanda zai kalla.

Da ƙyar maganar ta fito. Tsohon ya ce shi ya zo ne ya kama yaron da hannunsa. Ya sa mai gidan wasan ya buɗe masa jaruma mafi kyau, ya shiga tawagar, ya aika wa Taegon saƙon ɓoye. Sori ta ce sai ta ga saƙon. Taegon ya dubi tsohon, tsohon ya kau da kai, Taegon kuwa ya buɗe saƙon.

"Saurayi, ni kyakkyawa ce ƙwarai. Kana da gidan kanka? Iyayenka suna da rai? Ka ci abinci?"

A ƙasa ga amsar Taegon: "Ina da wadda zan aura, Abeonim. Ita ce 'yarka. Na ci, na gode."

Abeonim, wato yadda ake kiran uban mata. Tun saƙon farko ya gane shi.

"Ta yaya?" in ji Sori.

"Budurwar da ba ta shiga sai ƙarfe uku zuwa biyar, lokacin hutun shago, ta kuma sa shekarar haihuwarta a sunanta?" Ya yi ƙasa da murya. "Ban so in kunyata shi ba."

"To da aka gane ka, Appa, me ya hana ka tafiya?"

Tsohon ya kalli allon. "Shekara tara tun rasuwar uwarki, daga tukunya sai gado," ya ce. "A nan na ji kina ba da umarni, kina dariya. Ban taɓa jin wannan muryar taki a gida ba. Na ce masa in ya gaya miki, ya manta da aure. Na so in iya tukuna, kada ki ga ubanki yana karo da bango."

Taegon ya ce mako uku kenan suna gwada sana'o'i. Maharbi yana son ido, idon Abeonim ya gaji. Mai sihiri maɓallansa sun yi yawa. Sana'ar mai garkuwa kuwa, tsohon ya ce ba zai ƙwace wa 'yarsa ba. Suna neman wadda zai ji daɗinta ne, shi ya sa ya roƙi mako biyu.

Saura tambaya ɗaya, wadda ta hana ta barci.

"Maganin fa? Sau goma sha ɗaya ka bar ni na mutu."

Taegon ya dube ta da mamaki na gaske. "Sori, babba yana kwance a ƙasa. Ta yaya zan fara da ke? Hannuna ma ba zai yarda ba."

Ta so ta yi masifa, dariya ta ƙwace mata, daga dariyar sai hawaye. Mutumin da ba ya ɗaukar cokali kafin babba, shi ta yi wa zargin mace. Ta buɗe hannunta, ya ga zoben, fuskarsa ta canza.

"Kin zo mayar mini ne?"

"Na zo ka sake sa mini. Ka yafe ni, Oppa." Ta share ido. "Kuma ka gaya mini gaskiya. Kana jin daɗin sana'ar mai magani?"

Ya ce, "Ina jin daɗin zama kusa da ke."

"Ba ita na tambaya ba."

"Wallahi ba na ji," in ji shi. "Barci take sa ni."

Shekara guda yana yin abin da ba ya so, kullum a kan lokaci, bai taɓa ƙorafi ba. Sori ta juya ta kalli mahaifinta, shi ma ya ji.

Tsohon ya gyara tabarau. "Wannan maganin, ya yake? Ka tsaya a baya, ka lura da wanda ya galabaita, ka ba shi abin da zai tashe shi?"

"Shi kenan, Abeonim."

"Ai wannan shekara talatin ina yinsa da ludayi. Me ya sa ba ka faɗa ba tuntuni? Buɗe mini. Kai kuma koma satarka."

Mujin da ya ji labari ya ce shi dama bai ce komai ba. Sori ta bar shi a tawaga, don sihirinsa yana da kyau, amma sai da ya sayi taliyar kowa har wata guda.

An ɗaura auren cikin kaka, lokacin da ganyen bishiyoyi ya yi ja. Bayan taron, ango da amarya suka sa kayan gargajiya suka durƙusa gaban iyaye, aka watsa musu dabino da gyaɗar dutse a zanen amarya don fatan 'ya'ya, Sori ta cafe har bakwai. Da aka zo kan Tsoho Yeom, ya riƙe hannuwansu biyu ya haɗa.

"Ku zauna lafiya. Ke ki tsaya gaba kamar yadda kika saba, kai ka tsare mata baya. Duk wanda ya faɗi a cikinku, muddin ina numfashi, ni zan tashe shi."

Sori ta sunkuyar da kai tana kuka. Tsohon ya matso kusa da kunnen Taegon, amma ya yi yadda za ta ji.

"Kai zan fara warkarwa, surukina. Ita ta saba jira."

"Appa!"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Taegon ya sa goshinsa a ƙasa, bai ɗago ba sai da tsohon ya kama kafaɗarsa da hannu biyu ya tashe shi.