Arewa Maso Yamma

Ranar Asabar Galih ya fara ganin Wening, a ɗakin zane na sashen tsara birane na jami'a, a garin Malang. Kowa ya tafi gida. Ita kaɗai ce durƙushe a kan taswira, tana cin shinkafar da ta huce a ganyen ayaba.

"Dik, kin ɗora kasuwa a kan magudanar ruwa," ya ce.

"Kai kuma, Mas, ka tare mini haske," ta ce. A yarensu Dik ƙanwa ce, Mas kuma yaya.

Shekara uku yana tare mata haske. Da suka kusa gama karatu ya kai maganarta gida, kuma rawar kai ta sa ya shimfiɗa taswira a gaban kakarsa, wai a ga garin su Wening. Mbah, wato kakar, ta ja yatsa daga gidansu zuwa can, ta tsaya.

"Arewa maso yamma ne. Haka ake kwantar da gawa a nan, kai arewa, fuska yamma. Auren da ya bi hanyar nan iyaye yake ci."

Nan maganar auren ta tsaya.

Wata huɗu Wening tana zaune ita kaɗai a ɗakin zane, tana shata titunan da za su haɗa wasu mutane. Kewa ta ishe ta, ta tura masa saƙo: "Mas, na iya karkata kogi a takarda, amma na kasa matsar da gidan Babana. In ka haƙura, ka faɗa mini."

Ya amsa: "Ban haƙura ba, 'yar taswirata. Ban dai ga hanya ba."

Mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa karanta taswira ba, ita ta ce ya ɗauko ta.

"Nuna mini gidan ƙanwata Lastri."

Ya nuna. Daga can, gidan su Wening gabas yake sak.

"To, zan yar da kai, ita ta tsince ka. Daga gidanta za ka fita ango."

"Ke fa, Bu?" ya tambayi mahaifiyar.

"Wadda ta yar da ɗa ba ta zuwa bikinsa."

Shi kaɗai ne ɗanta, amma da kanta ta kai jakarsa ƙofar Lastri, ta juya ba ta waiwaya ba.

Safiyar ɗaurin aure, Wening ta ga ango yana ta kallon kujerar mahaifiyarsa da babu kowa. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya miƙa mata: saƙon mahaifiyarsa ne.

"Ɗan Lastri, ka ci abinci kafin a ɗaura. Allah Ya yi muku albarka."