Giya Ta Uku a Hanyar Arfa

Ranar da Manal ta fara zuwa warshar, wato garejin gyaran motoci, Yunus yana kwance ƙarƙashin wata motar kaya, sai ya ji rugugin injin da ba irin na kullum ba. Ya zamo ya fito. Doguwar mota ce baƙa, ƙirar Amurka, mai silinda takwas, irin wadda samarin Makka ke bi da kallo har ta ɓace. Ya zaci wani ɗan gata ne zai fito. Sai ga yarinya 'yar gajeruwa cikin abaya. Ta yi sallama da Larabci, da ta ji shi yana yi wa abokin aikinsa Hausa sai ta juya harshe.

Ta ce motar yayanta Rakan ce, ya bar mata da aiki ya kai shi Dammam. A cikin gari lafiya lau take. Amma in ta hau hanyar Jidda ta take totur, allura ta kusa jan layi, ta zo sa giya ta uku daga ta biyu, sai ta ƙi shiga, ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

"Ke kike kai allurar jan layi?" Yunus ya tambaya.

"A'a, aljanu ne. Za ka gyara ko in yi gaba, ya mu'allim?"

Ya gyara. Ya zubar da tsohon man kuloci ya fitar da iska, ya cire tiyon roba da ke kumbura in ya yi zafi ya sa mai saƙar waya. Ya buɗe giya ya tarar zoben tagullar da ke daidaita gudun ta uku ya cinye, ya sa sabo. Ranar da ta zo ɗauka ya nuna mata yadda za ta kai kuloci har ƙasa, ta tura sandar giya da tafin hannu, ba ta damƙe ta kamar muciya ba. Ta harare shi, amma ta karɓi lambarsa.

Da yamma saƙo ya shigo: "Mu'allim, ta shiga ta uku kamar an shafa mata man shanu. Allah ya yi wa hannunka albarka. Bakinka kuma Allah ya shirye shi."

Ya mayar: "Amin, Direbata. Ki rage gudu, akwai mai jiran ki dawo lafiya."

Daga nan saƙonni ba su yanke ba. Ya san tana aiki a kantin magani a unguwar Aziziyya, da safe motar kantin ke ɗaukarta, baƙar motar kuwa sai ranar hutu take fito da ita. Ita ma ta san shi ɗan Damagaram ne, a kan iƙama, takardar zaman baƙo, yake zaune, kuma ba ya shan shayi sai da na'ana'a.

Ba a yi wata ba motar ta dawo da ƙararta. Ya sake gyarawa. Ta sake dawowa.

Mahaifin Manal, Alhaji Abdulwasi'u, tsohon direban bas ɗin alhazai ne, haifaffen unguwar Utaibiyya a nan Makka, ciwon gwiwa ya ajiye shi a gida. Da Yunus ya je gaishe shi a matsayin mai neman 'yarsa, ko gahawa bai bari an zuba masa ta biyu ba. Ya ce ya san halin masu gyara: sai su bar ƙusa ɗaya a kwance don mai mota ya dinga komowa, balle in mai motar budurwa ce. Ya ce ɗan iƙama yau yana nan gobe babu shi, ga Nawaf ɗan ƙanwarsa, an san asalinsa an san ƙofar gidansu.

Maganar ta yi wa Yunus zafi. Abin da ya fi ƙona shi, da ya kai wa Manal ƙorafi, cewa ta yi, "Amma dai ba haka ba ne, ko?"

A zuwan motar na gaba bai fara da giya ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kujerar direba. Ƙarfen da kujerar ke zamewa a kai ya goge yana sheƙi har can baya, inda ƙafar Manal ba za ta taɓa kai kuloci ba. A kan darduma ga gurbin diddigen babban takalmi. A gindin gilashin gaba kuma busassun ganyen darbejiya ne maƙale, alhali babu darbejiya a layin su Manal. Dogon mutum ke tuƙa motar nan, mai ganganci, wanda ba ya kai kuloci ƙasa. Nawaf dogo ne.

Ya rubuta: "Wa kike ba makullinki? In Nawaf ne ki gaya mini, in daina gyara abin da wani ke ɓatawa."

Amsarta ba ta ɗau lokaci ba: "Abuya ya ce kai ke ɓata motar, na kare ka. Yau kai ka ce ni ke yawo da wani. Kalas, shi ke nan. Ka riƙe gyaranka."

Kwanaki wayarsa ba ta yi motsi ba. Abinci ya daina shiga. Ganyen nan dai ya ƙi fita daga ransa, don duk wanda ya yi aikin Hajji ya san inda darbejiya ta yi layi-layi. Wata safiya ya ari motar warsha ya nufi Arfa.

In ba lokacin Hajji ba, Arfa fili ne fetal, tituna masu faɗi babu kowa sai iska. Ya faka a inuwa ya jira, yana shirya maganganun da zai gaya wa Nawaf. Can sai ga rugugin. Baƙar motar ta wuce kamar walƙiya, injin ya yi sama, sai ƙarar niƙa tsakuwa. Ya bi ta har ta tsaya gindin wata bishiya. Ƙofa ta buɗe, doguwar ƙafa ta sauko a hankali, mai ita yana murza gwiwa.

Alhaji Abdulwasi'u ne.

Suka tsaya kallon-kallo. Tsohon ne ya fara magana: "Bibiyata kake yi?"

"Motar nake bibiya, ya ammi," Yunus ya amsa, yana kiransa baffa da Larabci.

Alhaji ya jingina da motar. Sannan ya ce tun yana saurayi yake jan bas a kan titin nan, cike da alhazai, ana tafiyar kura, daga Mina har Arfa ba ya wuce giya ta biyu. Duk shekara yana ce wa ransa wata rana zai ga titin nan babu kowa. Da ranar ta zo, likita ya hana shi taka kuloci, matarsa Hajiya Amatullahi ta ƙwace makullai. Sai ya tsinci makullin motar nan na biyu a ɗakin Rakan.

"Na ɗauka aikinka ne bai yi ba," ya ce. "Ni da na ja bas, a ce mota ƙarama ta gagare ni?"

Yunus ya ce ba motar ce ta gagare shi ba, gwiwar ce ke tsayawa a rabin hanya. A ƙaramin gudu giya na haƙuri da haka, a babban gudu ba ta yi. In an sa kuloci mai laushi, aka gyara matakinsa ya dinga saki tun daga sama, za a rabu da ƙarar.

Alhaji ya ƙanƙance ido. "Za ka gaya mata."

"Ban ga kowa a Arfa ba."

"Me kake so a madadi?"

"Ka san abin da nake so, ya ammi. Amma ba da wannan zan saye shi ba."

Ya koma ya rubuta wa Manal: "Na zalunce ki, na zalunci Nawaf. Ki yafe mini, Direbata."

Ta mayar: "To waye?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ka zarge ni ba hujja, yanzu ka wanke ni ba hujja. Wane irin mutum ne kai?"

Ya riƙe wayar, sunan yana kan yatsansa. Kalma ɗaya za ta wanke shi. Ya kife ta a kan benci ya koma aiki.

Alhaji ne ya ce wa 'yarsa a ba yaron dama ta ƙarshe, in motar ta sake ƙara a rufe zancensa. Yunus ya yini a kanta, ya sa kuloci mai laushi, ya daidaita matakin da gwiwar da ba a ambata ba. Sati ya wuce, wata ya wuce, motar ba ta dawo ba. Sai ga saƙo: "Mu'allimina, Abuya ya ce ka turo manyanka. Har yanzu ina fushi, amma kaɗan."

Takardun izinin auren baƙo daga hukuma suka ɗau lokacinsu, suka fito. Aka ɗaura aure, Nawaf ne ma ya raba dabino.

Da la'asar za a kai amarya, Alhaji ya ce shi zai ja. Hajiya ta buɗe baki za ta yi zancen gwiwa, ta fasa, ta shiga gaba. Ango da amarya suka matsu a 'yar kujerar baya. Manal na kallo mahaifinta ya sa hannu ƙarƙashin kujera, ya zame ta baya ba tare da ya laluba ba. Da suka hau babban titi ya take totur, allura ta yi sama, ta uku ta shiga babu ko tari.

Manal ta juyo a hankali ta kalli Yunus. Shi kuwa ya ƙura wa taga ido kamar bai taɓa ganin duwatsun Makka ba. Ta mintsine shi a hannu, ba ta kuma sake hannun ba.

"Ni dai," Hajiya ta ce tana gyara mayafi, "a dinga kakkaɓe ganyen Arfa daga takalmi kafin a shigo mini falo."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya dube su ta madubi. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ɗayyiba, ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa na wani."

Duk motar ta amsa da amin.