Wayar da Bai Buɗe Ba

Yaya Babba ba ta yi wa kowa ƙarya, ita dai tambaya take yi. Ranar ma tana zaune a falon ƙaninta tana kurɓar shayi ta ce:

"Auta, wai da wa matarka take dariya haka a waya? Ni dai ban ce komai ba."

Auta mai gyaran waya ne, matarsa kuma nas ce a wani ƙaramin asibiti, aurensu ko shekara bai cika ba. Ya yi dariya ya ce abokan aikinta ne. Amma irin wannan magana guba ce mai ci a hankali, kuma Yaya ta iya awo: yau ɗigo, jibi ɗigo. Kafin wata ya zagayo, hira ta mutu a gidan. Yana son matarsa, amma ko wayarta ta yi ƙara sai ya kasa kunne.

Sai gilashin wayar ya fashe. Matar ta miƙa masa, har da lambar buɗewa. A shago ya canza gilashin, ya zuba wa wayar ido. Ya san in ya buɗe, ko bai ga komai ba, ya riga ya zarge ta. Ya kife ta a kan tebur.

Da yamma ya miƙa mata ya ce, "Ban duba ba, amma wallahi na so in duba. Yaya ce ta..."

Hawaye ya zubo mata. "Ni ma kullum sai ta tambaye ni me 'yan mata suke yi a shagonka har su daɗe. Na yi shiru ne don yayarka ce."

Washegari Yaya ta zo, aka kawo mata shayi, ta ja shi gefe, ta sassauta murya. Auta ya ɗaga tasa:

"Madam, zo. Yaya tana da tambaya a kanki."

Yaya ta dubi matar, ta dubi kofinta. "Dama... sukari zan ce a ƙaro."

Matar ta kawo mata da ladabi, har ta juya mata shayin.

Duk maganar da ba za a iya maimaita ta a gaban mai ita ba, kada ka haɗiye ta, ko daga bakin wanda ya goya ka ta fito.